Kafin a ce yaro ba shi da kai, a dubi hannunsa

A galibin makarantun firamare na Sakkwato, kwafe ne abin da ake fara auna ɗan aji ɗaya da shi. Malami ya rubuta a allon bango, yara su kwafa a littafi. Wanda ya gama da wuri, baƙaƙensa suka zauna daram a kan layi, shi ne mai ƙoƙari. Wanda kuwa har aka tashi tara bai wuce layi biyu ba, wannan harafi ya hau wancan ya gangara, ya danna fensir har ya huda takarda, to kafin zango ya ƙare an riga an yi masa suna: daƙiƙi, ko malalaci, ko a ce yaron ga ba shi da kai. Iyaye su karɓi hukuncin hannu bibbiyu, wani sa'in ma a ƙara masa da dorina a gida. Alhali abin da kwafe ke fara gwadawa shi ne yadda ido da yatsu ke aiki tare, da kuma ko baya da kafaɗar yaron za su iya riƙe shi a zaune na tsawon lokaci. Sai an haye waɗannan ake isa ga fahimta.

Ba ina cewa hannu daban kai daban ba ne. Da haka ne, da maganar ta yi sauƙi. Masana tasowar yara sun daɗe suna tara hujja cewa iya sarrafa jiki da iya sarrafa tunani tare suke girma, kowanne na jan ɗan'uwansa. Sai dai alaƙar ba hanya ɗaya take bi ba, kuma wanda ya ji rabin bayanin zai iya tashi da ɗayan kuskure biyu: ko ya ɗauka guje-guje maganin rashin ƙoƙari ne, ko ya ɗauka duk yaron da ya yi nawar tafiya ya gama yawo a karatu.

Motsin da ake magana iri biyu ne. Akwai manyan motsi na ƙafa da gangar jiki, wato gudu, tsalle, hawa, jifa, cafewa, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Akwai kuma aikin yatsu: riƙe alƙalami, sa maɓalli, zura zare a allura, tsince tsakuwa a shinkafa. Na biyun a kan na farkon yake zaune. Yaron da bayansa bai yi ƙwari ba, kwantawa zai yi a kan benci idan yana rubutu, kuma hannun da ke tallafe da jiki ba zai sake ya yi rubutu mai kyau ba.

A ƙeyar mutum, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama da nauyinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na duka ba, amma ita ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, wajen biliyan 69 daga cikin biliyan 86. An daɗe ana koyar da cewa aikinta daidaita motsi ne kurum, tunani kuwa na sashen goshi ne, wato gaban babbar ƙwaƙwalwa. A shekarar 2000 wata masaniya mai suna Adele Diamond ta tattara abin da hotunan ƙwaƙwalwa da binciken marasa lafiya suka nuna, ta fito da cewa sassan biyu tare suke kama aiki, musamman idan abin da ake yi sabo ne, ko mai wuya, ko yana bukatar a tattara hankali a kuma amsa da sauri. Dukansu biyun ba sa gama ginuwa da wuri, suna kai wa shekarun balaga ana aikinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaran da ke fama da rashin natsuwa ko wahalar haɗa baƙi, da yawansu za ka tarar jikinsu ma ba ya ba su haɗin kai.

Babban aikin sashen goshi shi ne riƙe ragamar tunani. Abu uku ne a ciki: mutum ya riƙe magana a ka na ɗan lokaci yana aiki da ita, ya iya danne abin da ya fara zuwa masa har ya tabbatar, ya kuma iya sauya dabara idan doka ta sauya. Ɗan aji biyu da aka ce ya buɗe shafi na goma, ya ja layi a ƙarƙashin kalma ta uku, sannan ya kwafe ta, da waɗannan ukun yake aiki kafin ma a zo batun ko ya san kalmar.

To a ina yaron Sakkwato ke koyon wannan ragama kafin ya shiga aji? A dandali yake koyonta, kuma abin da ya fi ba ni takaici ke nan, domin dandalin muke rufewa. A dubi carafke. Yarinya ta cilla dutse sama, kafin ya sauko ta ɗebo na ƙasa gwargwadon adadin da zagayen ya kai, ta cafe na saman. Idonta na bin wanda ke iska, hannunta na aiki a ƙasa ba tare da an kalle shi ba, kanta na riƙe da lissafin ko ɗaɗɗaya ake ɗiba yanzu ko bibbiyu. Duk a cikin daƙiƙa guda. A dubi langa: yaro na riƙe da ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗaya, yana ture abokin karawa, kuma duk da haka bai manta da ɗan wasan da ake karewa don ya kai gaci ba. A 'yar gala-gala kuwa dole a tuna gidan da aka hana takawa, a kuma tsayar da jiki daidai lokacin da yake son wucewa. Har wasan jini-jini, inda jagora ke kiran abubuwa da sauri, a amsa wa masu jini, a ƙi amsa wa marasa jini, wanda bakinsa ya riga kansa kuma ya sha hukunci. Masu bincike a Amurka, Megan McClelland da Claire Cameron da abokan aikinsu, suna da wani gwaji da suke yi wa yaran nazare: idan an ce taɓa kanka, sai yaro ya taɓa yatsun ƙafa, idan an ce taɓa yatsun ƙafa, ya taɓa kai. Sun gano cewa yaran da suka iya wannan sun fi samun ci gaba a lissafi da karatu. Abin da gwajin ke aunawa, wato danne amsar da ta fara zuwa, shi ne ainihin abin da jini-jini ke horar da yaro a kai.

Abin ma ya faro tun kafin yaro ya san wasa. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya ce a shekara 2 na farko jariri da hannu da baki da motsi yake tunani. Karen Adolph ta Jami'ar New York ta ƙirga a 2012 cewa yara 'yan wata 12 zuwa 19, idan an bar su suna wasa, sukan yi taku 2,368 a awa ɗaya, su faɗi sau 17. Kowace faɗuwa gwaji ce: nisan ya kai nawa, ƙasar na da santsi ko babu. Kuma ranar da yaro ya miƙe da ƙafafunsa hannayensa suka samu 'yanci, sai ya fara ɗauko abu ya kawo wa uwa, uwa kuma ta yi masa magana a kan abin: wannan ludayi ne, mai da shi, kai wa Inna. Eric Walle da Joseph Campos sun nuna a 2014 cewa jariran da suka fara tafiya sun fi sa'o'insu masu rarrafe yawan kalmomi, sannan aka maimaita binciken a Shanghai ta ƙasar Sin aka ga haka. Ba ƙafa ce ke koyar da magana ba. Tafiya ce ke sauya irin maganar da ake yi wa yaro da yawanta.

A nan sai a yi hattara, domin gidajenmu akwai gasar wa ya riga wa tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu ƙoshin lafiya a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006: zama ba tallafi yana zuwa daga kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya kuwa daga wata 8 zuwa kusan wata 18. Wajen 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam, kuma lafiyarsu lau. A birnin Zurich, Oskar Jenni da abokan aikinsa sun bi yara 222 tun suna jarirai har suka girma, suka wallafa a 2013 cewa a tsakanin yara masu lafiya, riga tafiya ba ya nuna wanda zai fi basira daga baya. Wani abin kuma horo ne. Charles Super ya ga haka a 1976 a wurin al'ummar Kipsigis ta Kenya: iyaye mata na koya wa jarirai zama da tafiya da gangan, jariransu kuwa suna riga na Amurka a waɗannan biyun, amma ba sa riga su rarrafe, tun da shi ba a koyar da shi. Mu ma haka muke yi. A kewaye jariri da tsumma a zaunar da shi, a kama hannayensa ana yi masa tata, a sa kafinta ya yi masa keken katako mai ƙafa uku. Duk yana da kyau, amma ba ma'aunin kai ba ne. Abin da ya cancanci a tashi tsaye a kansa shi ne yaron da ya cika wata 18 bai taka ba, ko wanda ya iya abu sannan ya daina, ko wanda ɓangare ɗaya na jikinsa ya saki ko ya sandare. Wannan asibiti ake kai shi, ba a jira.

Inda alaƙar ta fi ƙarfi shi ne tsakanin aikin yatsu da karatun aji. A 2010 David Grissmer na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa sun duba manyan bayanai uku da aka tara ta hanyar bin dubban yara a Amurka da Birtaniya shekara da shekaru. Sun sami cewa gwanintar yatsu a lokacin shiga makaranta tana hasashen sakamakon lissafi da karatu na shekarun gaba, ko bayan an cire tasirin halin gida da abin da yaro ya riga ya sani. Manyan motsi ba su nuna irin wannan ƙarfi ba. Bayan shekara 2, Claire Cameron ta nuna cewa a cikin aikin yatsun ma, wanda ya fi magana shi ne kwaikwayon zane: a nuna wa yaro da'ira ko murabba'i ko kusurwa uku a ce ya yi irinsa.

Me ya sa? Dalili na farko, kai ba ya iya ɗaukar aiki da yawa a lokaci guda. Duk wanda ya koyi tuƙin babur ya san satin farko: hankalinsa na kan kuloci da giya, ba ya ganin rami, ba ya jin mai yi masa magana a baya. Ɗan kabu-kabun da ya shekara yana yi kuwa hira yake yi da fasinja yana lissafin canji. Haka yaron da har yanzu yake kokawa da yadda zai lanƙwasa cikin harafin g. Ƙarfin kansa a can ya ƙare, babu saura na tunanin abin da jimlar ke nufi. Idan malami ya goge allo kafin ya gama, ya rasa rubutun, ya rasa darasin. Dalili na biyu, kwaikwayon zane ba aikin yatsu ba ne zalla. Sai yaro ya rarraba siffar a ka, ya gane me ke sama me ke ƙasa, me ya fi me tsawo, sannan ya sake haɗa ta a takarda. Da wannan idon ne zai jera ɗaiɗaiku a ƙarƙashin ɗaiɗaiku, gomomi a ƙarƙashin gomomi, ya bambance 6 da 9, da 12 da 21.

Dalili na uku ya fi ba ni sha'awa. Karin James ta Jami'ar Indiana ta ɗauki yara 'yan shekara 5 da ba su iya karatu ba tukuna. Wasu haruffa suka rubuta da hannunsu, wasu suka bi sawun ɗige-ɗige, wasu suka danna a kwamfuta. Da aka sa su a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu haruffan, sassan da manya ke karatu da su sun fi motsawa a kan waɗanda yaro ya rubuta da kansa. An wallafa wannan a 2012, kuma tun 2005 Marieke Longcamp a Faransa ta ga cewa manyan yaran nazare da suka koyi haruffa da rubutun hannu sun fi masu dannawa gane su. Bayanin da James ta bayar shi ne, duk lokacin da yaro ya rubuta harafi, wani iri yake fitowa, yau karkatacce gobe mai ƙaton kai, kuma daga wannan bambancin ne ƙwaƙwalwa ke tsamo abin da ba ya sauyawa a jikin harafin. Ke nan mummunan rubutun ɗan shekara 5 wani mataki ne na koyon karatu.

Mutumin Sakkwato ba baƙo ba ne a wannan fage. A makarantar allo yaro na bin babbaƙu da yatsa yana faɗa da baki, ya wuce farfaru, har ya kai ranar da zai riƙe alƙalamin gamba ya tsoma a tawada ya rubuta da kansa, ya wanke, ya sake. Allo faffaɗa ne, baƙaƙen manya ne, kuskure kuma ba ya cin kuɗin takarda. Hannu da ido da baki da kunne duk suna kan baƙi ɗaya. Ina ganin asara ce yadda wasu Islamiyyu suka koma littafin ɗab'i da hadda zalla, yaro ya shekara uku bai rubuta bismillah da hannunsa ba. Wani abin lura kuma, yaronmu rubutu biyu yake koyo a lokaci guda, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Juya b ta koma d abu ne da yara ko'ina suke yi har wajen shekara 7, balle wanda da safe ake ce masa fara daga nan, da la'asar a ce fara daga can.

Ga kuma ƙirga da yatsu, wanda wasu malamai ke bugun hannun yaro a kansa. Bincike a Faransa da Beljiyam ya nuna cewa yaran da suka fi sanin yatsunsu, wato a taɓa yatsa ido a rufe su faɗi wanne ne, sun fi ƙoƙari a lissafi shekara guda bayan haka. Mu da muke ƙirga tasbihi a gaɓoɓin yatsu bayan kowace salla bai kamata mu ɗauki wannan abin kunya ba. Yaro zai daina da kansa idan lambobin sun zauna masa.

To idan aka ƙara wa yara wasan motsa jiki, sakamakonsu zai tashi? A nan amsar ba ta kai yadda masu sha'awar abin ke so ba. Charles Hillman na Jami'ar Illinois ya raba yara 221 'yan shekara 7 zuwa 9 gida biyu, rabi suka yi wata 9 suna wasannin motsa jiki bayan an tashi makaranta. Sakamakon 2014 ya nuna sun fi sauran ci gaba a kame kai da sauya dabara. Amma a Norway an gwada ƙara wa yara motsa jiki a makarantu 57 da yara 1,129, aka wallafa a 2016, ba a ga bambanci a jimillar sakamako ba, sai a tsakanin yaran da suka fi rauni a lissafi, su kam sun ɗaga. Wani kwamitin masana da Amika Singh ta jagoranta ya duba binciken da ake da su a 2019, ya ce hujja mai ƙarfi a kan lissafi take, a sauran fannoni ba ta yanke ba. Abin da na ɗauka a nan shi ne, gudu ba ya maye gurbin malami. Amma a lura da ɗaya gefen: a Norway an ɗebi lokacin zama an ba motsi, sakamakon bai faɗi ba. Shugaban makarantar da ke soke wasa don a ƙara darasi, lafiyar yara yake ragewa a kan ribar da ba a tabbatar ba.

Duk waɗannan binciken a kan yaran da suka ƙoshi aka yi su. A wurinmu akwai abu na uku da ke dukan jiki da kai a lokaci guda, kuma shi ne babba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne, sannan kashi 68 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a ƙasar na da ƙarancin jini. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ba ya da kuzarin rarrafe ya binciki tsakar gida, ya fi son a goye shi, ba ya ɗauko komai ya kawo, don haka maganar da ake yi masa ma ta ragu. Tamowa na taɓa ginin ƙwaƙwalwa kai tsaye, sannan ta zagayo ta hana yaron motsin da zai gina ta. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani aka tsaya jiƙe-jiƙe maimakon a kai asibiti a sa jariri a fitila, tana iya barin lahani a motsi da ji har abada. Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da sanƙarau, irin wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017, su ma sukan bar tabo. Gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ta nuna mana mafi munin abin, amma dalma kaɗan ma tana rage kaifin yaro ba tare da an ga ciwo ba, kuma an sha samun ta a tozalin dutse irin wanda ake ranbaɗa wa jarirai. Saboda haka idan aka ga yaro jikinsa a sake karatunsa a baya, kafin a ce wannan ne ya jawo wancan, a tambayi me yake ci, wace cuta ya yi.

Akwai labari mai ƙarfafa gwiwa daga Jamaika. A 1986 da 1987 Sally Grantham-McGregor ta ɗauki tsumburarrun yara 'yan wata 9 zuwa 24 a unguwannin talakawa na Kingston. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ke zuwa gidajensu kowane mako har shekara 2, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida, tana yi tana masa magana. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar shekaru, na wasan ya zauna. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa sun fi takwarorinsu samun kuɗin shiga da kashi 25 cikin 100. Gwangwani da murfin kwalba da tsumma aka yi aikin da su, ba wani abin da ya fi ƙarfin gidan da ke Gwadabawa ko Tangaza ba.

Kada kuma a zarce. Yaron ƙauye da ke kiwo tun yana shekara 6, yana hawan itace yana jan guga, ya fi ɗan birni ƙarfin jiki da iya taku nesa ba kusa ba. Yarinyar da ke kitso da saƙar faifai da ɓarar gyaɗa, ko yaron da ya tashi a rumfar dukawa yana riƙe basilla, yatsunsu sun fi na ɗan nazare gwaninta. Duk da haka za su iya kai aji huɗu ba su haɗa baƙi ba, idan aji ya cika maƙil, ba littafi, malami kuma na koyarwa da harshen da ba su ji. Abin da suke da shi jari ne da makaranta ba ta karɓa ba. Saura kawai a sa musu alli a hannu, a ba su siffofi da haruffa su kwaikwaya. A ɗaya gefen, kowa ya san wanda shan inna ta nakasa tun yana ƙarami amma ya zama malami ko alƙali. Alaƙar da masana ke magana a kanta ta jimillar yara ce, ba hukunci ba ce a kan yaro ɗaya.

Kuskuren da na fi gani a cikin gari kishiyar na ƙauye ne. Wasu makarantun kuɗi a gidan haya suke, tsakar gidan an shafe shi da siminti, babu inda yaro zai yi gudun taku goma. Ɗan shekara 3 an ba shi siririn fensir da littafi mai ƙananan layuka da jingar shafi biyu, domin iyaye na son su ga rubutu su san kuɗinsu na aiki. A wannan shekarun yawancin yara da'ira suke iya kwaikwaya, murabba'i sai wajen shekara 4 zuwa 5, kusurwa uku sai wajen 5 zuwa 6. Wanda bai iya zana layin da ya karkata ba, ta yaya zai rubuta k ko A? Sai malama ta kama hannunsa ta rubuta, ko uwa ta yi masa jingar da dare, yaron kuma ya koyi riƙon fensir na dole wanda zai wahalar da shi daga baya, ya koyi tsoron takarda. Da yashi da yatsa, da gawayi a bango, da yumɓu, da zura ƙwallayen dabino a gwangwani aka bar shi, da ya fi kusa da rubutu.

Sannan a lissafa ranar ɗan firamare: boko da safe, lesin bayan an tashi, Islamiyya da la'asar, karatun dare bayan magariba, abin da ya rage kuma waya. Kowanne a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa su haki, 'yan shekara 3 zuwa 4 kuma minti 180 na motsi iri-iri, su ƙananan kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Na san iyaye ba don mugunta suke kulle yara ba. Akwai tsoron ababen hawa, akwai tsoron satar yara, akwai abokan banza. Ga zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, wanda ba mai hankalin da zai fitar da yara fili da tsakar rana. Amma wannan batun tsara lokaci ne: wasa da sassafe kafin rana ta ɗaga, a ƙarƙashin dogon yaro, da minti biyar na tashi a miƙe tsakanin darasi da darasi, ko a Islamiyya. 'Yan mata sun fi cutuwa, domin da yarinya ta kai shekara 8 ko 9 sai a ce ta girma da tsalle, alhali gaɗa da carafke da 'yar gala-gala a cikin gida ko a farfajiyar mata ba su saɓa wa kunya ko tarbiyya ba.

Saura yaran da ko an ba su abinci da fili da lokaci, jikinsu ba zai bi su yadda ya kamata ba. Likitoci sun san wannan matsala ta rashin daidaituwar motsi, kuma tana shafar kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta, maza sun fi yawa. A ajin yara 60, ana maganar wajen 3 ke nan. Shi ne yaron da kullum yake zubar da kunu, yake tuntuɓe a inda ba komai, ba ya iya cafe ƙwallo, maɓallin riga na gagararsa, ba a son sa a langa. Basirarsa daidai take da ta kowa, wani ma ya fi. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara masa rawar hannu. Haka bahago, wanda kusan mutum 1 ne cikin 10: koya masa ci da sha da dama ladabi ne na addini, kuma yana iya koya, amma tilasta masa rubutu da hannun da ba nasa ba nauyi ne da ake ɗora masa a daidai lokacin da yake fama da haruffa. Wani yaron kuma allon ne ba ya gani, tabarau kawai yake bukata.

Iyayen da suka ga irin waɗannan alamu su nemi likitan yara, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha, daga can a tura su sashen gashi da motsa gaɓoɓi idan da bukata. A aji kuwa abin da malami zai yi ba ya cin ko kwabo. Ya zaunar da yaron a gaba, ƙafafunsa na taɓa ƙasa. Ya rage masa yawan kwafe, ya bar shi ya yi manyan baƙaƙe, ya naɗa wa fensirinsa tsumma ko roba don ya yi kauri. Kafin ya rubuta masa sifiri a jarrabawa kuma, ya kira shi gefe ya karanta masa tambayoyin jarrabawar da baki, ya saurari amsar da zai bayar.